Taswira a Kan Inna

A bencin jiran likita, wata mata mai tabarau tana gyara wa tsohuwa kitso. Daga ganin hancinsu ka san uwa da 'ya ne. Littafi na buɗe a gefenta, shafin da aka zana ƙwaƙwalwa, ta danne shi da kwalbar man gashi. Ina jin karatun haɗa magunguna ta koma da girmanta, don tana ta haddar wuraren da ke karɓar sinadarin sirotonin mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa, kowane iri da mazauninsa.

Tana taɓa goshin tsohuwar da tsinken kitso. "Iri na biyu sun fi yawa a nan, Inna, wajen tunani." Sai ta gangara ƙeya. "Na uku suna nan ƙasa. Su ke sa ki tashin zuciya in kin sha maganin."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Tana ta murza wata tsohuwar hular namiji a cinyarta.

Can ta ce, "Na ɗaya fa?"

"Suna can ciki, inda ake ajiye abin da ya wuce."

"To, bi wurin a hankali. Babanki na ciki."

'Yar ta ajiye tsinken, ta ci gaba da yatsunta.