Keken Mai Washin Wuƙa

Tsoron ya fara kama Yaya ne a bakin gadon asibiti, tana riƙe da cokalin da mahaifinta ya ƙi buɗe wa baki. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ce uffan ba. Ranar sai ya juyo da ido, ya jawo maganar da ƙyar: "Keken?"

"Yana nan, Baba," ta ce.

Ba ya nan. Suna can suna jinya mai gidan da suke haya ya share zaure, ya haɗa har da keken ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Yaya tela ce, ita ce babba a gidansu, har waɗanda suka girme ta Yaya suke ce mata. A kan keken nan ta tashi. Mahaifinta mai washin wuƙa ne. Dutsen washin a ɗaure yake a sandar keken, in ya kafe keken a ƙofar gida ya taka feda, dutse ya juya, tartsatsi ya tashi, ita kuma tana miƙa wa mata wuƙaƙensu. Likita ya ce tsohon ba zai tashi ba sai shi da kansa ya so tashi. Ta san abin da zai sa ya so.

Ta rufe shago ta shiga nema. Mai ƙarfe ya tura ta wurin mai faci, mai faci ya kwatanta mata wani dillali da ke gyara tsofaffin kekuna yana sayar wa masu sha'awar kayan da. Shagon sai warin fenti, kekuna rataye a bango. Ya gangaro mata da wani baƙi mai sheƙi, da sirdin fata da ƙararrawar tagulla.

"Shi ne, Hajiya, daga hannun mai ƙarfe na karɓa. Dubi tambarin kamfani. Na asali ne, ko ƙusa ban canza ba."

"To ai nan matsalar take, malam. Na babana babu abin da ba a canza ba. Fedar hagu ma katako ce, shi ya sassaƙa."

"Tarkacen na cire na zubar, na mayar masa da kayansa na gado."

"Yanzun nan ka ce ko ƙusa ba ka canza ba."

Ya sosa ƙeya yana dariya. "Hajiya, kin san bakin kasuwa."

Ita ba ta yi dariya ba. In ta kai wa mahaifinta keken wani, kallo ɗaya zai gane, ya kuma gane ta yi masa ƙarya, daga nan ya juya wa bango fuska shi ke nan. Ta shafa sandar. A nan ya kamata a sami huji biyu na ƙusoshin da ke riƙe dutsen, waɗanda suka sha yaga mata zane. Sumul ta ji. Ta zaro ƙaramin almakashi daga jaka.

"A'a, a'a! Baiwar Allah, fentin nan ba na wasa ba ne. In kin kankare kin saya, ko shi ne ko ba shi ba."

"Na ji."

Ta auna taƙi biyu daga sirdi, yadda ta tuna, ta kankare. Ƙarfe ne lafiya lau. Dillalin ya harɗe hannu yana cewa ta ci gaba, ai kekenta ne yanzu, ko ta feƙe shi kamar fensir. Ta tsaya tana kallon tafin hannunta. Lokacin da take auna wurin nan da wasa tana yarinya, hannun bai kai rabin wannan ba. Ta dawo baya ta sake kankarewa. Wani toka-tokan abu ya bayyana, zagaye kamar maɓalli. Ta soka bakin almakashin, cikon ya ɓare ya faɗa ciki. Huji ne.

Na biyun ne ya ƙi fitowa. Ta kankare sandar har ta yi fari tas, babu shi. Ko ita ce ta manta, dama guda ɗaya ne? Ko na wani mai washin ne daban? Dillalin ya rantse ba shi ya cike ba, haka ya same shi.

Haka ta biya, ta tura keken da ƙafa har asibiti, sandarsa duk a kwaile. Mai gadi ya ce keke ba ya shiga ɗakin marasa lafiya ko na uban waye. Ba ta yi musu ba, ta zagaya ta baya ta jingine shi daidai tagar gadon, ta gyara shi yadda hujin zai fuskanci ciki.

Gadon babu kowa. Malamar jinya ta leƙo ta ce an kai mahaifinta ɗaukar hoton kai, in an dawo da shi za ta ɗaga masa filo ya ga waje.

Yaya ta zauna a kan dakali, hannunta ɗaya a kan sirdin. Ba a dawo da shi ba tukuna, kuma ba ta san ko zai ce nasa ne ba.