Rigar Sanyin Maƙwabcina

Na ɗauki kaya iri-iri a rayuwata, yawancinsu na manta, amma rigar sanyin maƙwabcina da na kai Najeriya ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Cikin ɗaukar kaya na tashi. Na yi dako a Kano ina saurayi, da na zo Amurka kuma na samu aiki wurin masu kwashe wa mutane kayan ɗaki idan za su sauya gida. Mu Hausawa kusan komai kaya ne a bakinmu, na miya, na sawa, na aiki, har damuwar da ke hana mutum barci sai ka ji an ce ta zame masa kaya. Ni dai a lokacin wanda ake ɗorawa a kafaɗa kawai na sani.

A Hyattsville ƙofata tana kallon ta wani mutumin kudancin Kaduna, shi da matarsa duk aikin jinya suke yi. Shi Kirista, ni Musulmi, Hausa ce ta haɗa mu a matattakalar bene. Shi ya matsa mini har na shiga ajin manya na koyon karatu. Ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya, aka binne shi a nan Maryland. Mahaifiyarsa tana ƙauye kusa da Kafanchan, ko gawarsa ba ta gani ba.

Da lokacin zafi ya zo na shirya zuwa gida. Kowa a nan ya san da zarar an ji za ka tafi, ƙofarka ba ta hutawa. Wannan ya kawo magani, wancan waya, wata takalman jikoki. Matar marigayin ce ta zo ƙarshe, rungume da wata ƙatuwar baƙar riga.

Ta ce, "Malam, duk hoton da ya aika wa Mama da wannan rigar yake, ita ta roƙa a kai mata. Ban wanke ta ba. Don Allah a hannunta za ka sa."

Na ce insha Allahu. Ban tambayi dalilin rashin wankin ba, na ɗauka gajiya ce da baƙin ciki.

Wani abokina direban tasi ya kai ni filin jirgi. Aka ɗora akwatunan a ma'auni, nauyi ya wuce ƙa'ida. Muka durƙusa a gefe na fitar da tsarabar da na sayo wa iyalina, bai isa ba. Abin da ya rage maganin mutane ne da rigar. Hannuna kuma cike yake da jaka biyu, an ce ba a shiga da ta uku.

Abokina ya ɗaga rigar ya ce, "Kai, wannan bargon fa? So kake tsohuwa ta dahu a Kafanchan?"

Na ce, "Amana ce."

"To sa ta mana, ɗan dako! Ba a auna abin da ke jikin mutum."

Zuciyata ba ta so ba, don a gida ba a sa kayan mamaci sai masu shi sun ba ka. Amma layi yana tafiya. Na zura ta, cikin zafin nan da ko riga ɗaya ta yi wa mutum yawa. Abokina yana ta dariya, wai na yi kama da mai gadin firji. Saboda tsoron kada in ajiye ta in manta a wurin canjin jirgi, ban cire ba. Sai da muka kusa sauka Abuja, na ji zufata da turarena suna tashi daga wuyan rigar, sannan na gane abin da ya sa ba a wanke ta ba. Ƙamshin jikin ɗanta ake so ya isa wurin tsohuwar, ni kuma na rufe shi da nawa.

Na samu tsohuwar zaune a inuwar mangwaro, 'yarta tana kusa da ita. Idanunta sun yi rauni. Bayan gaisuwa da ta'aziyya na durƙusa na sa rigar a hannunta. Ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe. Da ta ɗago sai ta ce, "Wannan turaren ba nasa ba ne."

Na ce, "Nawa ne, Mama." Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba.

'Yar ta fara faɗa, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Ta juyo wajena. Sai ta ce, "Tsawonku ɗaya?"

"Ya ɗan fi ni, Mama."

"Tashi ka sa. Ka je bakin ƙofa ka dawo, yadda yake dawowa daga aiki."

Na sa. Na cusa hannuwa a aljihu, na ɗage kafaɗu har kunne, na taho ina buga ƙafa a ƙasa kamar mai kakkaɓe ƙanƙara. Ban san lokacin da maganarsa ta fito daga bakina ba: "Malam, sanyin nan ba ya da uwa!"

Tsohuwar ta tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Ashe haka yake tafiya a can." Ta sa na sake. Sannan ta karɓi rigar ta ninke a cinyarta ta ce, "Ka gaya wa matarsa ya iso gida."

Abin da ta nema a rigar ban kai mata shi ba, ya ɓace a hanya, kuma ba a sake samunsa. Allah ne ya sa ta tarar da wani abu a wurina. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini saƙo, ko ƙunshin yaji ne, sai na zaunar da shi na tambaye shi abin da yake so ya isa. Na koyi cewa abin da ake aikawa ba kullum ne ido yake ganinsa ba, kuma mutum yana iya kai kaya lafiya alhali ya zubar da saƙon a hanya.