Motar Kawu Sajan da 'yan gwangwan

Ku da kuka san Kawu Sajan kun san ba ya kai ziyara gidan da babu gangare a ƙofarsa. Ba girman kai ba ne. Motarsa ce ba ta tashi da makulli. Ko dai a zura mata ƙarfe a hanci a yi ta murɗawa, ko a ajiye ta a gangare, in za a tafi a sake ta ta mirgina ta kama da kanta. Saboda haka zumuncin Kawu kaf gangaren Sakkwato ya bi. Mahaifiyata ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ƙofar gidanmu a Gidan Dahala shimfiɗe take kamar tabarma. Da ta yi masa ƙorafi, cewa ya yi, "Wa yac ce ki yi aure inda babu tudu?"

Sajan ɗin ma laƙabi ne. Bai taɓa shiga soja ba, hatsi yake sayarwa. Mahaifinsa ne ya tuƙa irin wannan babbar motar a yaƙin Bama. Kawu ya tsinci tasa a bayan wani tsohon sito, kaji na ƙwai a mazaunin direba, ya sa tarakta ta jawo ta har gidansa a Ƙofar Marke. Shekara bakwai yana zarya tsakanin maƙera da masu walda kafin ta yi tarin farko. Wani bakanike ya ba shi shawara a cire injin a sa na zamani, kowa ya huta.

"In cire maka zucciya in sa ta rago, kana yarda?" in ji Kawu.

"Haba Alhaji, ai ƙarhe na."

"Ƙarhen ga ya girmi ubanka. Gaishe shi."

Wallahi sai da mutumin nan ya ce wa mota ina wuni kafin aka bar shi ya ɗaga bonet.

Sitiyarinta a dama yake, irin na da. Wata rana wani jami'in hanya ya tsayar da mu, ya nufo tagar hagu inda nake zaune ina ɓarar gyaɗa, ya ce in kawo lasin. Na ce ba ni da shi. Ya hau faɗa, ya taka ƙarfen ƙofa ya leƙo, sai ya ga babu komai a gabana sai ɓawon gyaɗa.

"Ina sitiyarin?"

"Shina nan inda Bature ya aje shi," in ji Kawu daga can gefe, yana miƙo lasin.

"Birki hwa?"

"Kai kat tsaida mu. Mun take ka?"

Abu ɗaya Kawu yake tsoro a duniya: kada bayan ransa a yanka motar nan a auna ta a sikeli. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, sun daɗe suna kewaya gidan, 'ya'yansa biyu kuma ba su ɓoye ba, tarkace suke kiranta. Sai ya ɗora ido a kaina, ni malamin firamare da ko mashin a hankali nake tuƙawa. Kowace Juma'a bayan la'asar akwai darasi. Tuƙin na iya, har da taka kuloci sau biyu kafin a sauya giya. Tayarwar ce ta gagare ni. Shekara biyu ina murɗa ƙarfen nan, ko atishawa ba ta taɓa yi mini ba. Shi kuwa, tsoho ɗan saba'in da ɗoriya, juyi ɗaya yake yi.

"Hannun alli!" haka yake ce mini. "Ba ƙarhi taka so ba, Sani. Saurara ka ji inda tay yi nauyi, sannan ka hizga sama."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira liman da shaidu biyu ya yi wasiyya: mota ta Sani ce in ya tayar da ita da hannunsa, in ya kasa magada su yi yadda suka so. Na ji haushi. Na ce, "Kawu, ka ba ni ita mana kawai."

"Wanda bai iya tada ta, saida ta shi kai," ya ce, ya juya ya fuskanci bango.

Bayan kwana arba'in da rasuwarsa aka taru a ƙofar gida. Wani ɗan gwangwan ya zo da tukunyar gas ɗinsa ta yankan ƙarfe, ya jingina ta da bango, ya zauna kamar wanda aka gayyata walima. Na zura ƙarfe. Sau shida ina fizga, shiru. Riga ta jiƙe, kafaɗa ta mutu, kuma gaskiya tsoro ya kama ni, don na ga mutumin ya fara warware tiyo. A na bakwai na daina kokawa. Na juya a hankali har na ji inda ta yi nauyi, na yi bisimilla na fizga sama. Ta yi tari biyu, ta kama, baƙin hayaƙi ya kori liman daga tabarma.

Na miƙa hannu zan kashe ta saboda Inna, matar Kawu, tana ciki tana takaba, kuma shekara ashirin ta yi tana tsine wa ƙarar nan. Sai na ji muryarta daga zaure.

"Sani, bar ta ta ƙara kaɗan. Gidan ga ya cika shiru."

Na bar ta. Ɗan gwangwan ya naɗe tiyonsa ya tafi.

Allah Ya jiƙan Kawu Sajan, Ya yafe masa taurin kansa, Ya sauƙaƙa masa hanya, Ya sa Aljanna ce masauki. Amin.