Amsar da Ke Shafi na Huɗu

Ƙarar fankar sama nake fara tunawa, yadda take rage gudu kaɗan-kaɗan har ta tsaya cak, sannan warin hayaƙin janareta ya hauro mana ta matakala. Haka ɗaukewar wuta take zuwa a cibiyar koyon kwamfuta da ke saman wani shagon taya a Jimeta: shiru, zafi, sai tsakin ɗalibai a tare. Ran nan ni ban yi tsaki ba. Ina kallon baƙin gilashin da ke gabana, domin wutar ta tafi ne daidai lokacin da manhajar da nake rubutawa take tsakiyar adana makin 'yan aji uku. Da wuta ta dawo na buɗe fayil ɗin. Fari fat, ko suna ɗaya babu.

Makin na makarantar Goggo ne, ƙanwar mahaifina, wadda ke shugabantar wata 'yar firamare a Alkalawa. Ita ta tsaya mini lokacin da Baba ya ce karatun kwamfuta wasan yara ne, in dawo in taya shi zaman kanti. Ta roƙa mini zango ɗaya, ta ce zan rubuta mata abin da zai fitar da katin sakamakon yara. In katin ya fito ranar Alhamis ɗin rufe makaranta, in ci gaba. In bai fito ba, kanti. Ranar da nake ba da labarinta Litinin ce.

Mai cibiyar, wanda kowa ke kira Injiniya ko da yake ban taɓa ganin ya kwance ko rediyo ba, yana da doka guda da yake koya mana tun makon farko. In ka tambayi injin bincike, abin da ya zo a sama shi ne gaskiya.

"Kamar aji ne," yakan ce, yana buga biro a tafin hannu. "Na ɗaya shi ne na ɗaya. Wa ke kai tambaya wurin wanda ya zo na talatin?"

Har ɗabi'a muka yi da ita: a buga amsar farko a takarda, a huda ta, a saka a babban fayil ɗin da ke kan teburinsa. Abin da ya shiga fayil ɗin nan ya zama nassi.

Na rubuta matsalata, injin ya jero amsoshi. Na ɗaya wani shafi ne mai ƙyalli, irin wanda ke tarbarka da hoton saurayi yana murmushi a gaban kwamfuta kamar an yi masa albishir. Kafin ka ga layi ɗaya na aiki sai ka ture tallan takalmi, ka ture na maganin ƙiba, ka karanta sakin layi biyar da ke sanar da kai cewa adana fayil abu ne mai muhimmanci a rayuwar ɗan Adam. Ni da na rasa aji guda ban buƙaci a tuna mini ba. Can ƙasa dai akwai layukan umarni takwas a cikin akwati mai launin shuɗi. Na duba su na sake dubawa, sai na ga kamar nawa ne aka sauya musu riga.

"Injiniya, wannan bai bambanta da nawa ba."

"Ke kin fi injin sani ne? Na nawa ya zo?"

"Na ɗaya."

"To buga shi."

Na buga, na huda, na saka a fayil, na kuma saka a manhajata. Ranar Talata Goggo ta zaunar da malamanta biyu suka shigar da makin makarantar duka daga rajistar takarda, tun safe har azahar. Wuta ta tafi ana sallame sallah. Ta kira ni, muryarta a kwance, abin da ya fi faɗa ciwo.

"Ɓingel am, 'yata, babu kowa a cikin fayil ɗin. Har 'yan aji ɗaya sun tafi."

Na tari keke daga Yola zuwa Jimeta ina kallon hanya ba tare da na ga komai ba. Da na isa na nufi dandali na biyu a jerin, babban dandalin nan da masu rubuta manhaja na duniya ke taruwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, akwai ilimi a wurin, mai yawa ma. Amma ilimin na zaune ne a kan kujera mai tsawo yana kaɗa ƙafa. Kowa na yawo da makinsa da lambobin yabonsa a gefen suna, kamar tsofaffin sojoji ranar fareti. Na tsara tambayata da ladabin da aka koya mini a gida, na yi gaisuwa, na yi godiya tun kafin a ba ni. Wani ya zo ya goge gaisuwar, ya ce hayaniya ce. Wani ya ce in sayi batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta tafi, kamar ban san da shi ba, kamar a bishiyar darbejiya ake tsinkarsa. Na uku ya rufe tambayar gaba ɗaya, ya ce an taɓa yin irinta, ya tura ni wata tsohuwar tambaya da ke magana a kan lalacewar faifan kwamfuta. Duk wannan kafin shayin da na ajiye ya huce. Na fahimci cewa a ƙasarsu wuta ba ta tafiya, don haka tambayata a wurinsu ba tambaya ba ce, sakaci ne.

A gefena akwai wata mata da muke kira Anti, 'yar kudancin jihar, wadda ta yi shekaru tana buga tafireta a sakatariya kafin ta zo koyon kwamfuta da furfura a kanta. Hausarta ta Jimeta ce, kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai yarinya, ka daina kuka a kan kibod, zai lalace. Mene ne wannan lambobi a ƙasa, ɗaya, biyu, uku?"

"Sauran shafukan amsoshi ne, Anti. Ba a zuwa can."

"Wa ya hana?"

Na nuna teburin Injiniya da haɓa.

"Abeg. A ofishinmu fayil ɗin da ke sama na mai yawan zuwa gaishe da oga ne. Na aiki yana ƙasa, ɓera na kwana a kai. Danna."

Na danna biyu, na danna uku. A shafi na huɗu muka sami wani dandali mai launin toka, rubutunsa ƙanana, ba hoto ko ɗaya, kamar allon sanarwa na asibitin da aka manta. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe. A ciki mutane ne daga garuruwan da ban san sunayensu ba, amma na gane su nan take, domin wani yana neman afuwar jinkirin amsa, wai kwana biyu ba su da wuta. Ban ma buƙaci yin tambaya ba. Wani ya riga ya yi ta shekaru da suka wuce, wani kuma ya amsa masa cikin layi huɗu. Ya ce manhajar tana share tsohon fayil ne da zarar ta buɗe shi don rubutu, to in wuta ta tafi kafin ta gama, an rasa tsoho, ba a sami sabo ba. Ya ce a rubuta sabon a gefe da wani suna, a tabbatar ya sauka a faifai, sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon.

Na karanta sau uku. Kunya ta kama ni saboda sauƙinsa, sai kuma wani sanyi ya bi bayanta, irin na iskar da ke tasowa daga Binuwai gab da ruwan farko.

Injiniya ya leƙo ta kafaɗata.

"Shafi na nawa ne wannan?"

"Na huɗu."

"Na huɗu." Ya yi dariya ya juya ga sauran ɗalibai. "Ku zo ku ga masu neman magani a bola."

Anti ta jira na gyara, na shigar da sunaye ashirin na gwaji, na danna adanawa, sai ta sunkuya ta fizge wayar daga bango.

"Anti, za ki ƙona mini kaya," in ji Injiniya.

"Masu wuta suna neman izininka ne kafin su ɗauke? Kunna, yarinya."

Na kunna. Sunayen na nan. Ta sake fizgewa, ta kuma fizgewa, har sau biyar, tana yi tana kallon Injiniya. Mafi munin abin da ya faru shi ne mun rasa suna na ƙarshe a karo ɗaya. Ya tsaya yana shafa gemu, can ya ce ai dama abin da yake shirin gaya mini ke nan. Bai ce in buga a takarda ba, amsar ba ta shiga fayil ɗinsa ba.

Ranar Laraba ni da malaman Goggo muka sake shigar da makin a karo na biyu, ɗaya na karantowa, ina bugawa. Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu muka fita inuwa muka sha ruwa muka dawo muka ci gaba daga inda muka tsaya. Ranar Alhamis yara suka tafi gida da katinsu. Goggo ta kai wa Baba guda ɗaya, ta ajiye a kan teburin kanti. Ya juya shi gaba da baya, ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta. Bai sake maganar zaman kanti ba.

Shekaru bayan haka, ina aiki a wani ofishi a Karewa inda aka ɗora mini koyon yadda ake sa shafi ya hau sama a injin bincike, na ga yadda wasu ke yi: na'ura ce ke bin dandalin mutane tana kwaso rubutu, ta yi masa kwalliya, ta cika shi da kalmomin da ake yawan nema. Sai na tuna da layukan nan takwas, na nemi asalinsu, na kuwa same su a wani tsohon dandali, harafi da harafi. Ba a cikin amsa suke ba. Wani bawan Allah ne ya liƙa su a cikin tambayarsa, yana roƙon a gaya masa dalilin da ya sa suke share masa fayil duk lokacin da wuta ta tafi.