Hannun Tela da Safe

An ɗauke wa Tela likita. Mutum ɗaya tak da aka koya wa duba ciwon gaɓoɓi a duk yankin, aka mayar da shi birni ya zauna a ofis yana halartar taro, aka bar Tela da yatsunta.

Tela kowa ke ce mata, har mijinta. Tun tana budurwa take taka keken ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidansu: ƙofa ɗaya, taga ɗaya, bencin masu jira, da ƙusa a bango inda take rataye almakashi. Da keken nan ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Ba ta da surutu in tana aiki, amma in ta buɗe baki mutum ya gwammace ta soka masa allura.

Ciwon da safe yake kama ta. Ta farka yatsu sun sanƙame kamar an ɗaure su da zare, ba ta iya riƙe kofi, balle ta zura zare a allura. Sai rana ta ɗaga sannan su saki. To, mace mai gida ba ta zuwa asibiti da sassafe. Sai ta yi shara, ta sallami yara, ta ɗora girki ta sauke, sannan ta fita. Kafin ta isa ɗakin likita hannu ya riga ya saki. Likitan, wanda ake kira Mai Tabarau, sai ya juya hannun ya ga yana motsi.

"Gajiya ce, Tela. Ki rage aiki."

"In na rage, kai za ka ciyar min da su?"

Ya rubuta mata maganin kashe zafi, ta tafi. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ba mugu ba ne, iya abin da aka koya masa ke nan: zazzaɓi, haihuwa, karaya, hawan jini. Ƙwararren likitan gaɓoɓi kuwa yana can babban birni, tafiyar wuni guda. Ta je sau ɗaya, ta wuni a layi, ta dawo ko ƙeyarsa ba ta gani ba. Ana cikin haka yatsu biyu na hannun hagu suka karkace. Waɗannan sun tafi ke nan, ba su dawowa.

Sai aka kira wasu likitocin ƙauye horo kan ciwon gaɓoɓi, daga yankin nan Mai Tabarau ne kaɗai a ciki. Da ya dawo, da ƙafarsa ya tako shagon.

"Tela, da safe yaya hannun yake?"

"Au, sai yau ka tuna akwai safiya?"

"Gobe ki zo kafin ki taɓa tsintsiya."

"Wa zai share min gidan?"

"Maigidanki hannuwansa biyu lafiya lau suke."

Washegari Maigida ya yi shara yana ƙunƙuni, ita kuma ta tafi da hannuwa a dunƙule. Likita ya kama tafin hannun ya matse gaɓoɓin yatsun a hankali, ta saki ƙara.

"Likita, kokawa muka zo yi?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon yatsun nan biyu, sannan ya ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya faɗa mata ba sanyi ba ne, ba gajiya ba ce, jikinta ne ke yaƙar gaɓoɓinta. Ya ɗora ta a kan maganin da ake sha sau ɗaya a mako, yana duba jininta lokaci zuwa lokaci don kada maganin ya taɓa hanta. Bayan 'yan watanni ta zura zare a allura tun shayi bai huce ba. Ta ɗaga allurar ta nuna wa Maigida, ya ce madalla, yanzu sai ta karɓi tsintsiyarta. Daga ranar, duk matar da ta zauna a benci tana murza yatsu sai Tela ta ce, "Yaya, ki je da safe. Ki bar sharar, ba za ta gudu ba."

Wannan likitan aka ɗauke.

Wadda aka kawo yarinya ce mai kirki, Ƙaramar Likita. Tela ta je mata da safe, ta ajiye mata ragowar ƙwayoyin a kan tebur.

"Mama, gaskiya zan faɗa miki. Maganin nan yana da ƙarfi, kuma ba a koya min yadda ake bin sa ba. In na ƙara ko na rage da ka, zan iya cutar da ke. Na nemi a tura ni horon, an ce wai an riga an horar da asibitin nan."

"An horar da asibitin? Bangon aka horar, ko gadon?"

Yanzu Ƙaramar Likita tana bugo wa Mai Tabarau waya tana tambaya, in an yi sa'a ba ya cikin taro. Maganin yana ƙarewa, yatsun dama sun fara nauyi da safe. Da babban yatsa da manuni Tela ke riƙe allura, in suka karkace an rufe shago.

Ba ta zauna jira ba. Ta tara matan benci, suna zuwa ofishin lafiya ana buɗe ƙofa, lokacin da hannuwa ba su saki ba. Su jera hannuwan a kan teburin shugaban ofishin, Tela ta miƙa nata gaba. "Ranka ya daɗe, matsa ka ji." An ce su dawo wani makon, sun dawo. An sake cewa, sun sake dawowa.

Ku da kuke rarraba likitoci daga kan kujera, ku tura yarinyar nan horo kafin maganin Tela ya ƙare. Kuma daga yau, kada ku kuskura ku ɗauke wanda ya iya sai kun koya wa wanda zai gaje shi.