Sunan da Baba Bai Taɓa Rerawa Ba

Babana mawaƙi ne, duk da cewa a takardunsa direban tasi aka rubuta. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi, iyayensa mutanen Kano ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Allah ya ba shi murya siririya mai tashi sama ba tare da ta karye ba. Da ita ya koyi majas, waƙar mutanen Makka da ake yi a biki ba kiɗa ba ganga, mutum ɗaya ya tsaya ya yi salati, ya yabi ango da amarya da danginsu. A wajen wani tsohon Balarabe ya koya, kuma ya sha wuya, don sai da ya shekara yana ɗaukar masa jaka kafin a bar shi ya buɗe baki a gaban jama'a.

A gida kuwa wani mutum ne daban. Idan ya cire rawani ya zauna da shayinsa, waƙoƙin kakata yake yi, na daka da na reno da na ɗiban ruwa. Abokansa na majas suna ganin wannan zubar da girma ne, shi kuwa bai taɓa kula su ba.

Ni ce ƴar fari. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce, kuma Baba ya riƙe ta gam, ko da yake ko Kano bai taɓa gani ba. Ƙannena, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, kowa da sunansa ake kiransa. Ni kuwa "ke" ce, in ya ji daɗi "yarinyar nan". Ƙawayena Larabawa har tambayata suke ko laifi na yi masa. Na girma ina zaune a ɓangaren mata a bukukuwa, ina jin muryarsa ta lasifika tana jan sunayen ƴaƴan wasu har mata su yi guɗa. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ranar nawa bikin wani abokinsa ya tura ya yi waƙar, shi ya tafi Harami ya zauna.

Da ya manyanta muryar ta fara dushewa. Ya sha zuma da habbatussauda har muka gaji da warinsu, bai samu sauƙi ba. Daga baya likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, dole a cire, kuma idan an cire ba zai sake magana ba. Baba ya ce Alhamdulillahi, ya tambayi ranar aikin. Ni abin da ya fara zuwa mini, Allah ya yafe mini, shi ne muryar nan za ta tafi ba ta taɓa kirana ba.

Ni na tuƙa shi asibiti a Jidda da safe, Mama tana baya tana jan carbi. Da muka fita daga Makka sai ya fara waƙar renon kakata a hankali, irin wadda ake saka sunan yaro a ciki. Ya yi wa ƙannena ita ɗaya bayan ɗaya suna jarirai. Muryar ta shaƙe, amma hanyar waƙar tana nan daidai. Da ya zo wurin sunan sai ya yi shiru, ya tsallake, ya ci gaba.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ka bar wuri."

Ya ce, "Ke, duba hanya."

"Wallahi ina dubawa. Sau ɗaya dai, Baba. Bukra halas, gobe shi ke nan, babu sauran dama."

Mama ta ce, "Aib, ya binti, abin kunya ne, ƴata. Wa ya taɓa jin haka?"

Baba bai sake waƙa ba. Muka yi tafiya mai tsawo a haka, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da na tsananta wa mara lafiya. Sai da na tsayar da mota a ƙofar asibiti, Mama ta fita neman keken tura shi, sannan ya juya fuskarsa wajen taga ya faɗi sunana. Bai rera ba. Da ƙyar ya fito, kamar mai koyon baƙuwar kalma, har ƙarshensa ya maƙale. Mutumin da ya cika manyan zauruka da sunayen mutane ya kasa faɗin nawa da kyau.

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce in miƙo masa takalminsa, yana ƙarƙashin kujera.

Aikin ya yi kyau, yana nan da ransa. Yanzu idan yana son wani sai ya buga cokali a jikin kofin shayi, wanda ke kusa ya zo. Ƙannena suna kuka, suna cewa sun yi kewar jin ya kira su. Ina ba su haƙuri. Su ya kira su sau ba adadi, ba su ma san wanne za su tuna ba. Ni kira guda ɗaya nake da shi, kuma duk lokacin da cokalin ya yi ƙara ni nake riga kowa amsawa.