Ranar da Na Yi wa Matata Tafinta a Asibiti

Shekarun baya, lokacin masaƙun Kakuri na ganiyarsu, ina aiki a ɗaya daga cikinsu, ni da matata muna haya a unguwar Nasarawa a Kaduna. Aurenmu ya daɗe ba haihuwa, har mun daina tayar da maganar. Kwatsam sai wani ciwo ya sako ta gaba: duk abin da ta ci sai ya dawo, ko ƙamshin soyen maƙwabta ta ji sai ta ruga waje. Ta rame, hankalina ya tashi, na nemi izini a wurin aiki na kai ta asibiti.

Likitan Ba'indiye ne, ko "sannu" bai iya ba. Ni kuwa da ɗan Turancina na firamare da wanda na tsinta a masaƙa, sai na gyara hula na zama tafinta.

Ya ce, "Does she throw up?"

Na san throw jifa ne, up kuma sama. Na juya na ce mata, "Wai kina jifa sama?"

Ta ce, "Jifan me? Ni da tsayuwa ma gagarata take?"

Na ce masa, "No sir, she no dey throw anything."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Any nausea?"

Wallahi sunan unguwarmu na ji. Da ƙarfina na ce, "Yes sir, Nasarawa!"

Akwai wata nas a gefe, 'yar Filato, tana jera kwalabe. Dariya ta ci ƙarfinta har ta dafa bango. Da ta farfaɗo sai ta ce, "Oga, ɗan matsa. Madam, kina amai? Zuciyarki na tashi?" Matata ta gyaɗa kai. Aka fitar da ni, aka yi mata gwaji. Ina zaune a benci ina ta addu'a, sai ga nas ɗin ta leƙo.

"Oga, ba ciwo ba ne fa. Laulayi ne. Madam na da ciki."

Ban san lokacin da na miƙe ba, ban kuma san me na ce ba.

Da yamma na ba maƙwabcina labari. Mutumin Binuwai ne, malamin Turanci a sakandare, muna ce masa Tica. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ja kujera ya fara darasi. Ya ce Turawa ba sa son ambaton amai ɓaro-ɓaro, shi ya sa suke kewaye-kewaye: throw up, bring up, a Ingila ma idan mutum ya ce "I was sick", sau da yawa amai yake nufi. Puke kuwa kalmar kan titi ce, ba a faɗa wa manya. Vomit daga Latin suka aro ta.

Na ce, "To ita wannan da ta kunyata ni fa?"

Ya ce, "Nausea? Asalinta kalmar Girkanci ce ta jirgin ruwa. Tashin zuciyar da ke kama mutum a jirgi ke nan."

Na ce, "Haba Tica, matata ko kwalekwalen kogin Kaduna ba ta taɓa shiga ba."

Sai muka ji muryarta daga ɗaki: "Ai ni ce jirgin. Fasinja na ɗauko."

Rabon da in ji ta yi raha haka, na manta.

Fasinjar ta sauka lafiya da damina, yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan. Tun daga ranar, idan ban gane magana ba, a fili nake cewa ban gane ba, ko a gaban waye. Amma ban taɓa jin zafin waccan kunyar ba. Albishir mafi daɗi a rayuwata, daga bakin wadda ta gama yi mini dariya na ji shi.